Me ya haɗa jirgin da zai tashi daga Kano da tarukan Dakar da Montiriyal?

Wani Alhaji ɗan kasuwa a Kantin Kwari, wanda harkarsa ke yawan kai shi Jidda da Alƙahira, ya aiko da wannan tambaya: "A aikin Hajjin 2023 jirginmu daga Kano ya yi dogon zagaye, aka ce mana saboda yaƙin Sudan ne. Kullum kuma muna jin manyan jami'an sufurin sama sun tafi taro Dakar ko Nairobi ko Montiriyal tare da ƙungiyoyin kamfanonin jirage. Shin sararin samaniyar ƙasa ba nata ba ne ita kaɗai? Kuma waɗannan ƙungiyoyi, ba aljihunsu kawai suke karewa ba?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa. Na yi shekaru masu yawa ina aikin ba jirage hanya a nan Kano kafin in ajiye aiki, saboda haka zan amsa maka da abin da na gani a ɗakin aiki da kuma abin da dokokin wannan fanni suka tanada. Zatonka guda biyu duk gaskiya ne: sararin samaniyar kowace ƙasa nata ne, kuma kowace ƙungiya muradun 'ya'yanta take karewa. Sai dai mallakar sarari ba ta isa ta kai jirgi Jidda lafiya ba, kuma a nan ne amfanin waɗannan taruka yake.

Tushen dokar shi ne yarjejeniyar da aka sa wa hannu a birnin Shikago na Amurka ranar 7 ga Disamba 1944, wadda ta haifar da hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montiriyal ta ƙasar Kanada da mambobi 193 a yau. Sashe na farko na yarjejeniyar ya ce kowace ƙasa tana da cikakken iko, ita kaɗai, a kan sararin da ke bisa ƙasarta. Amma sashe na 28 ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin samar da filayen jirage da rediyo da bayanin yanayi da sauran kayan aiki bisa ƙa'idar da aka amince da ita tare. Domin a sauke wannan nauyi aka yanka sararin duniya zuwa shiyyoyi, kowace da cibiyar da ke kula da ita. Abin da mutanen Kano da yawa ba su sani ba shi ne, duk sararin Najeriya a taswirar matuƙa jirage sunan Kano yake ɗauke da shi, wato shiyyar Kano, ko da yake an raba aikinta tsakanin cibiyar Kano da ta Legas a ƙarƙashin NAMA, hukumar da ke ba jirage hanya a Najeriya, wadda aka kafa da dokar 1999 ta fara aiki a 2000. Wannan suna gado ne na tarihi, domin Kano jiragen farko da suka shigo ƙasar nan suka nufa, a watan Nuwamba 1925, lokacin da jiragen sojan saman Ingila uku suka iso daga Masar, kuma garin ya daɗe yana zama zangon masu ƙetare Sahara ta sama kamar yadda ya kasance zangon ayarin raƙuma.

Shiyyar Kano ta yi iyaka da ta Yamai a arewa, da ta Injamena a gabas, da ta Barazabil a kudu maso gabas, da ta Akra a yamma. Jirgin da ya tashi daga filin Malam Aminu Kano ya fuskanci arewa ba ya wuce minti 20 a hannunmu. Ga yadda miƙa shi yake. Tun kafin ya kai iyaka, jami'in Kano zai kira takwaransa na Yamai ta layi na musamman, ya gaya masa sunan jirgin, da wurin da zai ƙetare iyaka, da mintin da ake sa ran zai ƙetare, da tsayin da yake tafiya a kai. Na Yamai zai duba nasa jiragen, ya karɓa ko ya ce a sauya tsayi domin akwai wani a wannan matakin. Sai bayan sun daidaita ne za a gaya wa matuƙi ya koma tashar rediyon Yamai. Duk wannan an rubuta shi dalla-dalla a wata takardar yarjejeniya tsakanin cibiyoyin biyu: minti nawa kafin iyaka za a kira, wane tsayi ne na masu gabas wane ne na masu yamma, tazara nawa za a bari, kuma me za a yi idan layi ya mutu. A ganina babu takarda mafi daraja a wannan sana'a kamar ita, duk da cewa ba minista ke sa mata hannu ba, ba kuma a gayyatar 'yan jarida.

Na sha zama da dare layin da ke tsakanina da wata cibiya maƙwabciya ya ɗauke, ga jirgi ɗauke da ɗaruruwan mutane yana cin kusan kilomita 15 a kowane minti ya doshi iyaka. Abin da ya rage mini shi ne in roƙi matuƙin ya kira su da kansa tun da wuri, ko in nemi wani jirgin da ke kusa ya isar mini da saƙo. Wanda ya taɓa ɗanɗanar wannan ba zai raina taron da ake yi kan gyaran layin sadarwa ba.

Idan wannan miƙa hannu ta karye, sakamakonta sananne ne. Ranar 13 ga Satumba 1997, jirgin sojan Jamus da ya sha mai a Yamai ya nufi kudancin Afirka ya yi karo da jirgin sojan Amurka a sama, daura da gaɓar tekun Namibiya, mutum 33 suka rasu. Jiragen biyu suna kan tsayin ƙafa 35,000, alhali na Jamus bai kamata ya kasance a wannan matakin ba bisa ga inda ya fuskanta, kuma bayanin tafiyarsa bai bi cibiyoyin da ke kan hanya yadda ya dace ba, don haka babu wanda ya gyara kuskuren. Shekara ɗaya kafin nan, ƙungiyar matuƙa jirage ta duniya, IFALPA, ta riga ta yi kukan cewa babban ɓangare na sararin Afirka yana da mummunan giɓi wajen sadarwa da kulawa. Ita kuma ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, ta tsara wa matuƙa wata dabara ta kare kai, inda kowa ke shelanta wurinsa da tsayinsa a kan zangon rediyo na 126.9 domin sauran su ji. Hukumomi da yawa a nahiyar ba su ji daɗin wannan suka ba, kuma na fahimci dalilinsu, domin babu mai son baƙo ya faɗi aibin gidansa a kasuwa. Amma wannan matsin lamba yana cikin abin da ya sa gwamnatoci suka buɗe baitulmali. A Najeriya an ƙaddamar da aikin shimfiɗa na'urorin rada a 2010, da tashoshi tara da suka haɗa da Kano, Legas, Abuja, Fatakwal, Maiduguri da Talatar Mafara. Inda babu rada, tazarar da ake bari tsakanin jirage biyu masu bin hanya ɗaya a tsayi ɗaya takan kai minti 10, kusan kilomita 150 ke nan, amma inda jami'i yake ganinsu a allo ana iya rage ta zuwa ƙasa da kilomita 20.

Maƙwabtanmu kuwa sun bi wata hanya daban tun da wuri. A Disamba 1959 aka kafa hukumar ASECNA a Senegal, inda ƙasashe rainon Faransa suka haɗa kulawar sararinsu a hannu ɗaya, da hedikwata a Dakar. Yamai da Injamena da Barazabil duk cibiyoyinta ne, kuma tana kula da sararin da ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 16. Gini da Laberiya da Saliyo ma sun haɗa tasu shiyyar tun 1975. Ma'anar wannan ga Kano ita ce, ta fuskoki uku hukuma guda muke hulɗa da ita, mai kayan aiki iri ɗaya da horo iri ɗaya a makarantarta da ke Yamai, yayin da namu jami'an ke fitowa daga kwalejin Zariya da aka kafa a 1964. Idan ASECNA ta sayi na'urar da ke tura bayanin jirgi kai tsaye daga kwamfuta zuwa kwamfuta, mu kuma muka sayi wadda ba ta jin yarenta, to an kashe kuɗi sau biyu kuma za a koma ga wayar baki. Shi ya sa hanyar sadarwa ta tauraron ɗan'adam da ake kira AFISNET ta zama ta haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Gana da ASECNA da waccan shiyya ta ƙasashe uku, da kwamitin da ke zama lokaci zuwa lokaci yana bin diddigin layukan da suka lalace.

Misali mafi bayyana na abin da taro ke haifarwa shi ne na ranar 25 ga Satumba 2008. Kafin wannan rana, tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000, inda manyan jirage suka fi son tafiya saboda sauƙin shan mai, dole ne a bar tazarar ƙafa 2,000 tsakanin jirgi da na samansa, wanda ya ba da matakai 7 kacal. Daga wannan rana aka rage tazarar zuwa ƙafa 1,000 a duk shiyyar Afirka, matakan suka koma 13. Ka yi tunani, Alhaji, da Najeriya ta fara ita kaɗai: matakin da yake na masu gabas a wajenmu zai zama na masu yamma da zarar an ƙetare zuwa Nijar, jirage su fuskanci juna a tsayi ɗaya. Dole ne kowa ya sauya a minti guda, bayan an tantance na'urar auna tsayi ta kowane jirgi, an sake horar da jami'ai, an sake rubuta duk takardun yarjejeniyar iyaka. Kwamitin tsare-tsare na ICAO na shiyyar Afirka, wanda ofisoshinta na Dakar da Nairobi ke riƙe da shi, ya kwashe shekaru a kan wannan, kuma har yau akwai ofishi a Afirka ta Kudu da ke sa ido kan jiragen da suka kauce wa matakinsu. Kamfanonin jirage ne suka fi kowa matsa lamba a kai, domin ribar man tasu ce, amma ɗan kasuwar da ke cikin jirgin shi ma ya amfana.

Yanzu ga maganar ƙungiyoyin. IATA tun 1945 take, tana magana da yawun kamfanonin jirage na duniya. AFRAA, wadda aka kafa a Akra a 1968 kuma ofishinta ke Nairobi, ta kamfanonin Afirka ce. CANSO, da aka kafa a 1996, ta hukumomin da ke ba jirage hanya ce irin su NAMA. Mu ma'aikata muna da IFATCA a duniya tun 1961 da NATCA a gida, masu kamfanonin cikin gida kuma suna da AON. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da ƙuri'a a zauren ICAO, domin ƙasashe kaɗai ke yanke hukunci, na ƙasa da ƙasa a cikinsu kuwa a matsayin 'yan kallo masu damar magana suke zama. Ƙarfinsu yana cikin abin da suke riƙe da shi: rahotannin matuƙa kan wuraren da rediyo ba ya kaiwa, lissafin man da aka ƙona saboda lanƙwasar hanya, da takardun shawara da suke shiryawa watanni kafin taro. Ƙasar da ta je taro da wakilan da ba su karanta komai ba za ta dawo da hukuncin da wasu suka rubuta. Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan zaure, tunda ɗanta, Dakta Olumuyiwa Benard Aliu, ya shugabanci majalisar ICAO daga 2014 zuwa 2019, amma shugabanci a sama ba ya maye gurbin shiri a ƙananan kwamitoci, inda ake yanke ainihin abin da zai shafi ɗakin aiki na Kano.

Abin da ya sa ban ɗauki son kan ƙungiyoyin a matsayin illa ba shi ne muradunsu suna cin karo da juna. Kamfani yana son hanya miƙaƙƙiya da kuɗi kaɗan. Hukuma tana son kuɗin da za ta sabunta na'ura. Ma'aikaci yana son kada a ɗora masa jirage fiye da abin da ido da kunne za su iya ɗauka, kada kuma a sa shi aiki babu hutu. Matuƙar duka ukun suna zaune kuma kowa na da murya, kowane yana taka wa ɗaya birki. Haɗarin yana zuwa ne idan ɓangare guda ya fi kusa da kunnen masu mulki.

Batun kuɗi ne ya fi fito da wannan fili. Kowane jirgi da ya ratsa sarari yana biyan kuɗin hidima, ko da bai sauka ba, kuma manufar ICAO ita ce kuɗin ya yi daidai da abin da aka kashe, kada a nuna bambanci tsakanin kamfanoni, a bayyana lissafi, a kuma tuntuɓi masu biya kafin a ƙara. A tsakiyar 2024 NAMA ta sanar da ƙari a kan kuɗin hidimar da ba a taɓa ba tun 2008, kamfanonin cikin gida suka yi ca, ministan sufurin sama Festus Keyamo ya ba da umarnin dakatarwa. A wannan shekarar ne kuma ƙungiyoyin ma'aikata suka yi ta kokawa kan yadda gwamnatin tarayya ke cire rabin kuɗin shigar hukumomin sufurin sama. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Kamfanoni suna da gaskiya idan suka ce kada a ɗora musu ƙari mai yawa dare ɗaya, amma na'urar rada da kayan gyaranta da kuɗin waje ake sayensu, kuma farashin da ya tsaya cak shekara 16 alhali darajar naira ta zube ba zai riƙe su ba. Kuɗin da aka karɓa da sunan tsaron jirage kuma bai kamata a karkatar da shi wani wuri ba. Da ƙungiyar kamfanoni da ta ma'aikata sun haɗa baki a kan wannan batu na biyu, da ba a kai ga rikici mai zafi a kan na farko ba.

Akwai wata takaddama da ta shafi Kano kai tsaye. Kowa ya san yadda hazo ke rufe gari a lokacin hunturu har a soke tashi da sauka. Ɗaya daga cikin hanyoyin sauƙaƙa wannan, musamman a ƙananan filayen da ba su da na'urar saukar da jirgi ta ƙasa, ita ce ƙara wa siginar tauraron ɗan'adam daidaito ta yadda zai jagoranci jirgi har kusa da titin sauka. ASECNA ta fara watsa irin wannan sigina na gwaji a 2020, kuma ta kan tauraron Najeriya, NigComSat-1R, ta watsa shi, wanda ya nuna abin da haɗin kai zai iya yi idan an so. Amma IATA ta daɗe tana jan ƙafa, tana cewa kada a tilasta wa kamfanoni biyan kuɗin tsarin da yawancin jiragensu ba su da na'urar karɓarsa. Hujjarsu tana da nauyi. Sai dai manyan kamfanonin da ke sauka a manyan birane kaɗai ba su ne za su ji ciwon rashinsa ba, masu zuwa Katsina da Sakkwato da Maiduguri a watan Janairu ne za su ji, kuma nauyin faɗin wannan a zauren taro yana kan wakilanmu.

Zagayen da kuka yi a 2023 kuwa, ga asalinsa. Hanyar Kano zuwa Jidda ta saba bi ta Chadi da Sudan ta ƙetare Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 aka rufe sararin Sudan, dole jirage suka kewaye, tafiya ta ƙaru, mai ya ƙaru, har kamfanonin jigilar alhazai suka nemi ƙarin kuɗi. Kewayen nan ba matuƙi ne ke zaɓarsa da ka ba. ICAO ta haɗa kwamitin gaggawa na ƙasashen da abin ya shafa da wakilan kamfanoni, aka tsara hanyoyin wucin gadi, domin cibiyoyin da ba su saba ganin cunkoso ba su iya karɓar jiragen da aka juyo musu. Watanni kaɗan bayan haka, a ranar 6 ga Agusta, sojojin da suka karɓi mulki a Nijar suka rufe nasu sararin, jiragen Turai masu zuwa Najeriya da kudancin Afirka suka shiga dogon zagaye, kuma ko bayan an sake buɗewa a farkon Satumba, takunkumi tsakanin Abuja da Yamai ya ci gaba da shafar jiragen ƙasashen biyu. Kafin nan ma, a Satumba 2022, yajin aikin jami'an ASECNA ya tsayar da jirage a ƙasashe da dama lokaci guda, abin da ya nuna cewa haɗa komai a hannu ɗaya shi ma yana da nasa rauni.

Ana yawan ambaton shirin kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a Adis Ababa a Janairu 2018, bisa shawarar Yamusukuro ta 1999. Wannan magana ce ta 'yancin kamfanoni su yi jigila tsakanin ƙasashe, ba ta ba jirage hanya ba, amma idan ta tabbata jirage za su ƙaru, nauyin kuma a kan cibiyoyi irin ta Kano zai sauka. Wasu na kawo misalin Turai, inda cibiya guda a Holan ke kula da sararin can sama na ƙasashe huɗu tun shekarun 1970, suna cewa mu ma a rushe iyakokin sama. Ban ga alamar Najeriya za ta miƙa sararinta ga wata hukuma ba, ban kuma ga dole sai an yi haka ba, domin ko Turai da ta fara shirin sarari guda a 2004 har yau ba ta kammala ba. Abin da ake iya yi yanzu ya fi wannan kusa: barin jirage su bi miƙaƙƙiyar hanya ƙetaren iyakoki maimakon tsofaffin layuka masu lanƙwasa, kamar yadda AFRAA ta fara gwadawa da jiragen Habasha da na Kenya a ƙarshen 2023, musayar hoton rada tsakanin Kano da Yamai da Injamena, tura jami'an Kano su zauna mako guda a ɗakin aikin maƙwabta su ma su zo namu, da yarjejeniya a rubuce cewa duk saɓanin da zai shiga tsakanin gwamnatoci, layin da ke tsakanin cibiyoyi ba za a taɓa shi ba.

Akwai kujera guda da babu kowa a kanta a duk waɗannan zaure, ita ce ta fasinja da mai kaya irinka, Alhaji, alhali kashi 5 cikin ɗari na kuɗin tikitin da kake saya ana raba shi ne tsakanin hukumomin sufurin sama, har da mai ba jirage hanya. Majalisar tarayya takan yi zaman jin ra'ayin jama'a duk lokacin da za a gyara dokokin waɗannan hukumomi ko rabon wannan kuɗi, kuma ƙofa a buɗe take ga ƙungiyoyi su miƙa takarda. Cibiyar 'yan kasuwa ta Kano da shugabannin Kantin Kwari da masu shirya tafiyar Hajji da Umara suna da hurumin rubuta tasu, su tambayi jirage nawa hazo ya hana sauka a Kano a hunturun bara, wace na'ura ce za ta rage hakan, kuma nawa daga kuɗin da aka karɓa ya koma ga gyaranta.